Littafin Malam a Cikin Wandunan Jins

Ni dai tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. A aji biyu na sakandare na ajiye jakar makaranta na ce na gama. Na yi acaɓa a Kano, na yi kwandastan mota a hanyar Legas, na sayar da agogo a Kwatano, har wani ɗan unguwarmu ya ja ni Bangkok. Da harkar can ta yi sanyi mutanenmu suka fara gangarowa China, ni ma na bi ayari. Haka na tsinci kaina a Guangzhou wajen ƙarshen shekarun casa'in, lokacin da in ka hango baƙin mutum a titi sai ka tsallaka ka gaishe shi, don ba mu da yawa.

Harkar wandon jins nake yi. Akwai wani Alhaji a Kano da nake tura wa kaya. Ni nake zuwa Xintang inda ake ɗinka su, in zaɓa, a kawo sito, a ninke, a ɗaure dila-dila, in tsaya a kan lodi har a rufe kwantena. Su masu ɗinkin a jibge suke ba mu, kamar tsumma. To ɗan Kano ba ya sayen wando a cukurkuɗe. Dole a ninke kowanne, a sa masa takarda mai ɗan ƙarfi a tsakiya don ya miƙe, a zura a leda, ya fito kamar na kanti. Wasu matan China huɗu ne suke mini ninkin a sito, ni kuma in samo musu takarda.

Ɗaki ɗaya muke zaune da wani dattijo mutumin wajen Zariya. Bahaushe ne, Kirista. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, wani mai jigilar kaya ya ɗauko shi saboda Turancinsa da kyan rubutunsa, yana cika masa takardun jirgin ruwa. Kowa Malam yake ce masa. Da farko na ɗan tsargu da zaman namu, amma tun a satin farko abin ya wuce. Shi yake tashina sallar asuba. Sai ya taɓa mini ƙafa ya ce, "Tashi ɗana, garin nan babu ladan, ni ne ladaninka." Kasuwar Kanan da muke shiga kullum kuwa, cewa yake yi tun yana yaro ake ba shi labarin ƙasar Kan'ana mai madara da zuma, ga shi ya iso ya tarar wanduna ne a cikinta.

Malam littafi yake rubutawa. Shekara uku ke nan yana kansa. Labarin soyayya ne a zamanin yaƙin duniya na biyu. Wani saurayi ne ɗan ƙauye, yana jagorantar waƙa a coci, da wata yarinya da ke koyon aikin jinya a ɗakin shan maganin mishan. Sun fara son juna ke nan aka ɗebi samari soja, aka kai shi ƙasar Bama, can nahiyar Asiya. Shekaru suna tafiya, wasiƙa ta zo, wasiƙa ta ɗauke, har aka aiko cewa ya ɓace a daji. Ita kuma ta ce ba ta ga gawa ba, ba ta ji a jikinta ba, saboda haka tana nan.

In na dawo daga sito bayan la'asar, sai Malam ya ɗauko 'yan takardun da ya rubuta ya karanta mini. Ni da ban taɓa gama littafi ko ɗaya ba, sai ga ni ina baro hira a kasuwa don kar in rasa. Sai dai ina da matsala ɗaya da littafin. Addu'a ta yi yawa. Sojan nan ko takalmi zai ɗaure sai ya yi addu'a shafi guda.

"Malam, tsallake nan, mu je wajen yarinyar."

"Ba a tsallake addu'a."

"Ai na san Allah zai amsa masa, tunda kai kake rubutawa. Koma mini wajen rijiyar nan da ya ce guga ya faɗa."

Sai ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce, "Sau nawa ke nan?" Amma sai ya koma. Wajen rijiyar nan na san ya karanta mini ya fi sau biyar. Haka wajen tashar jirgin ƙasa da suka yi sallama.

Sai daga baya ya gaya mini cewa sojan mahaifinsa ne, ya daɗe da rasuwa. Yarinyar kuma mahaifiyarsa ce, tana nan da rai a ƙauyensu, ta tsufa ƙwarai, idonta ya tafi. Ya yi mata alkawari zai zo gida da Kirsimeti ya zauna a gabanta ya karanta mata daga farko har ƙarshe. Ya ce, "Ba na son in ƙara shekara. A shekarunta, mutum ba ya cewa sai baɗi."

Malam ba ya sayen takarda. A bayan tsofaffin takardun lodi na ofishinsu yake rubutu, waɗanda aka gama da su. Ƙarƙashin teburinsa akwai kwalayen taliya guda biyu iri ɗaya sak. Na hagu na takardun banza ne, ya ce in riƙa ɗiba ina kai wa matan ninki. Na dama ban taɓa tambayar abin da ke ciki ba. Ni a lokacin ba na tambayar abin da bai tare mini hanya ba.

Ranar wata Lahadi ce cikin damina. Kwantena za ta rufe da azahar, saura wando wajen ɗari uku ba a ninke ba. Babbar matan ninkin ta ɗaga mini hannu biyu ta ce, "Meyo," wato babu, takarda ta ƙare. Na ruga gida. Malam ya tafi coci. Na jawo kwalin hagu, na ga takardun lodi ne da tambarinsu da lambobinsu kamar kullum, na rungume shi na yi gaba. Ban san cewa ruwan saman jiya ya shigo ta taga ba, Malam ya jawo kwalayen ya goge ƙasa, ya mayar da su ba yadda suke ba. Matan nan ba su san Hausa ba, hannunsu kuma kamar inji. Kafin azahar an gama, an ɗaure, an loda, an buga hatimi. Har da ni a masu tafi.

Na dawo ɗaki ina fito da baki. Na tarar da Malam durƙushe a gaban tebur.

"Ɗana, ka ga ɗaya kwalin?"

"Na kai sito, Malam. Takarda ce ta yanke mana."

 Ya zaro takarda ɗaya daga kwalin da ya rage, ya juya bayanta. Fari fat. Ya zaro wata, ya juya. Fari. Ya yi haka ya kai sau goma, a hankali, kamar mai neman abin da ya san ba ya nan. 

Na koma sito da gudu. Mai siton, wanda muke ce wa Lawban, ya nuna mini filin da kwantenar ta tsaya, ya yi alamar jirgin ruwa da hannunsa. Na roƙa, na yi Turanci, na yi Hausa, na yi ɗan yarensu da na iya. Ya ce kayan da aka buga wa hatimi aka kai tashar ruwa, ko uban wa ya zo ba a buɗewa. Sai Legas.

Abin da na saba yi in na yi ɓarna shi ne in bar garin. Fasfo ɗina kullum yana aljihuna. Daga siton ban nufi gida ba, sai na miƙa babbar tashar jirgin ƙasa, na zauna a kan dakali cikin dubban mutane da buhunansu, ina tunanin Hong Kong, daga can kuma duk inda ta faɗi. Na sa hannu a aljihu in taɓa fasfo, sai na ji makulli. Makulli ɗaya gare mu ni da Malam, wanda ya fita ƙarshe ya ɓoye shi a bakin ƙofa, ga shi ɗazu na zaro shi a ruɗe ban sani ba. In na tafi da shi, gobe dattijon nan ba zai iya kulle ɗaki ya je aiki ba. Na ce to bari in kai masa makullinsa kawai, in ajiye a bakin ƙofa in wuce. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

Na tarar ƙofar a buɗe, ya dafa shinkafa, ya zuba a kwano biyu.

"Ka ci abinci?"

"Malam, ka zage ni mana."

"In na zage ka za su dawo? Da haka ne da tuni na kai kan kakanka. Wanke hannu."

Na ci shinkafar nan kamar ina cin tsakuwa. Ban tafi ba ranar, na ce sai gobe. Goben ma ban tafi ba.

Lokacin babu wayar hannu a gida. Malam da kansa ya rubuta faks muka tura wa Alhaji, cewa in kaya sun iso don Allah a cire takardun da ke cikin wanduna a ajiye. Da na samu Alhaji a wayar ofis ya ce, "Takarda? Wace irin takarda kuma? To, to, in sun iso a duba." Daga muryarsa na san maganar ta shiga ta nan ta fita ta can. Kuma na san yadda kayanmu suke. Ranar da suka sauka Kano ranar ake rabe su, wannan ya ɗauki dila biyu ya yi Gusau, wancan ya ɗauki uku ya yi Maraɗi.

Watannin nan da suka biyo baya su ne mafi nauyi da na yi a ƙasar nan. Malam bai canja mini fuska ba. Yana tashina asuba kamar kullum, yana raba nama biyu daidai. Amma bayan la'asar shiru. Ya gwada sake rubutawa, ya yi shafi huɗu ya yage. Ya ce, "Kaina ba ya komawa hanyar da ya riga ya wuce. In na rubuta sai in ji kamar ina kwaikwayon wani." Wata rana na ga yana rubuta wa ƙanwarsa wasiƙa, ya daɗe biro na tsaye a wuri ɗaya. Na san abin da ya kasa rubutawa, wato a gaya wa tsohuwa zai zo hannu rabbana.

Sai ga lokacin babban baje kolin Guangzhou na kaka ya zo, 'yan kasuwa suka fara sauka. Alhaji ya iso. Na je masaukinsa in gaishe shi, kafin in zauna ya jefo mini wata baƙar leda.

"Karɓi jarabarka. Saboda kai wani tsoho ya yi mini wa'azi a gaban yarana."

Na buɗe. Takardun Malam ne, wasu a cukuikuye, wasu da sawun takalmi, wasu da jirwayen mai. 

Ga yadda aka yi. Alhaji ya manta da faks ɗin, kamar yadda na zata. Masu sayen ɗai-ɗai a layinsu na kasuwa a Kano in sun buɗe leda sai su zare takardar su yar. To akwai wani tsoho mai gadin layin, shi yake shara da safe. Bai iya karatun boko ba, amma kalma ɗaya ya san kamanninta a kowane irin rubutu, sunan Allah. Ka san mu yadda aka rene mu, ba a barin takarda mai sunan Allah a ƙasa. Sai tsohon nan ya ga takarda a kwata, ya ɗaga, ga sunan. Ya ɗaga wata, ga shi har sau uku. Ya bi layin yana tsinta yana dubawa. Mai sunan ya karkaɗe ya soke a tsagar bangon masallacin kasuwa, wadda babu ya tura cikin shara. Sati biyu yana wannan, har tsagar bango ta cika ya koma sokewa a rufin rumfarsa. Da abin ya ishe shi ya bi diddigi har shagon Alhaji, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Alhaji, ku ji tsoron Allah. Da sunan Ubangiji kuke naɗe wando?"

A nan Alhaji ya tuna. Ya aika wa duk wanda ya san ya ɗauki dila, a cire a maido.

Malam ya tambaye shi, muryarsa ƙasa-ƙasa, "An gaya wa tsohon rubutun na Kirista ne?"

Alhaji ya ce, "Ni da bakina na gaya masa. Ya ce, sunan dai na Allah ne ko? Na ce e. Ya ce to."

Bayan kwana uku wani ɗan kasuwar Maraɗi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, da takarda goma sha ɗaya a cikin ambulan. Shi ma yaransa ba su yar da masu sunan ba. Amma ya ƙi sakin ambulan ɗin.

"Tsaya tukuna, Malam. Maiɗakina ta karanta su duka. Ta ce kar in dawo mata gida sai da amsa. Yarinyar ga ta jira shi, ko ko ta yi aurenta?"

Malam ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Da ba ta jira ba, da wa za ka kawo wa takardun?"

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya ce shi ke nan, ya tsira.

Muka share ɗaki muka baje su a ƙasa. Allah ya sa Malam malamin makaranta ne, kowane shafi da lambarsa. Muka jera. Wajen kashi biyu cikin uku sun dawo. Malam ya bi layi yana duba inda giɓi yake, ni ina miƙa masa. Addu'ar sojan a cikin jirgin ruwa tana nan. Addu'arsa a ramin yaƙi tana nan, duk shafi shida. Waƙoƙin coci, wa'azin fasto, ranar da yarinyar ta durƙusa a ɗakin magani tana kuka tana roƙo, ko ɗaya bai ɓata ba. Wajen rijiya babu. Tashar jirgin ƙasa babu. Ranar da ya dawo ya tsaya a bakin danga ta kasa gane shi saboda rama, babu. Duk inda saurayi da budurwa suka keɓe suka manta da kowa, tsoho ya tura shi shara.

Malam ya zauna a ƙasa ya cire tabarau. Na zaci kuka zai yi. Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya ce, ta farko tun ranar Lahadin nan.

"Ka gani ko, ɗana? Allah ya karɓi nasa, ya bar mana namu."

Na ce, "Malam, wajen rijiyar ai na iya shi."

"Ka iya shi kamar yaya?"

Sai na rufe ido na fara. Yadda ya saki gugan da gangan, yadda ta ce masa in dai hannunsa haka yake da sakaci gara kar a ba shi littafin waƙa ya riƙe, yadda ya shiga rijiyar ya fito da laka har gira. Ban san na haddace ba sai da na ji yana fita. Da na buɗe ido Malam ya riga ya jawo biro.

Sati uku muka yi a haka. Ni da ban taɓa zama awa guda ba tare da na miƙe ba, sai ga ni kullum daga la'asar har magariba ina zaune ina faɗa yana rubutawa. Mun sha musu.

"Ban rubuta haka ba. Babana ba zai ce idonta kamar fitilar mota ba. A ina ya ga mota da fitila a ƙauyenmu?"

"To kamar me ka ce?"

"Na manta."

"To ka ga ni."

Mun cire fitilar mota, amma gaskiya akwai abubuwan da na cusa. Akwai wata yarinya a unguwarmu da na tara mata maganganu tun ina acaɓa, ban taɓa samun bakin faɗa mata ba. Da muka zo sallamar tashar jirgi, inda na manta na Malam sai in sa nawa. Ina jin ya gane. Wani lokaci sai ya dakata ya kalle ni ta saman tabarau, ya ce "Hmm," ya ci gaba da rubutu. Ranar da yatsunsa suka ƙage ya miƙo mini biron ya ce in ƙarasa shafin. Na ce rubutuna kamar tafiyar kaza. Ya ce tsohuwa ba ta gani, ji za ta yi. Shafi tara na littafin nan da hannuna aka rubuta su, kuma su ne abu mafi tsawo da na taɓa rubutawa a lokacin.

Ya tafi ana saura kwana goma Kirsimeti. Littafin bai shiga akwati ba, a leda biyu ya sa shi ya rungume a ƙirji. A filin jirgi na ce ya kawo in riƙe masa ya gyara takalmi. Ya ce, "Kai? Ko tsoho mai gadi ne ya tsaya maka ba zan ba ka ba."

Bai dawo China ba, ya zauna wajen mahaifiyarsa. Bayan wata biyu wani ɗan Zariya ya kawo mini kaset. Na aro rediyon Lawban na sa. Muryar Malam ce ta fara, ya ce kwana huɗu suka yi yana karanta mata, ita da jikoki da rabin maƙwabta. Sai ya ce, "Ga ta, tana son magana da kai." Aka yi ɗan ƙugi, sai wata siririyar murya ta fito.

"Yaron Kano, kana ji na? An ce kai ka riƙe wajen tashar jirgi. To bari in gaya maka, mijina bai iya irin wannan zancen ba. Ko rabinsa bai taɓa faɗa mini ba. Ranar nan cewa kawai ya yi in kula da akuyarsa." Aka fashe da dariya a bayanta. Ta jira suka lafa, ta ce, "Amma na ce kar a taɓa, a bar shi haka. Na san abin da yake nufi ke nan, bakin ne babu. Allah ya yi maka albarka, ya zaunar da kai."

Na mayar da kaset ɗin baya na sake ji, ban san ko sau nawa ba. Ta rasu kafin wata Kirsimetin ta zagayo.

Ni mutum uku nake yi wa addu'a a kan wannan. Ita, da Malam da ya zuba shinkafa a kwano biyu ranar da bai san ko zan dawo ba, da tsohon nan mai gadi da ban taɓa ganin fuskarsa ba. Da Alhaji zai koma na tambaye shi me zan aika wa tsohon. Ya ce, "In dai ba jins ba ne, komai ma." Na sayi bargo mai kauri, irin na mutanen arewacin China. Da hannuna na ninke shi na zura a leda, ban sa masa takarda ko ɗaya a tsakiya ba.